Ɗan Tsako na Bakwai

Bakori, daren Alhamis, 27 ga Shawwal, 1290

Dare na huɗu ke nan ina zama tsakar gida da allo da tawada, ina son in zana taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, yadda suke a sama. Kullum shida nake ƙirgawa, alhali Malam ya ce bakwai ne. Da na kunna fitila don in ɗiga tawada, sai hasken ya kashe mini ido. Na wanke allon nan har na gaji.

Da yamma Baba Nomau, tsohon Bamagujen da ke kawo mana dawa, ya ga allon ya yi dariya. Ya ce, "Malam ƙarami, kashe fitilar. Kuma kada ka zura mata ido, kaza ce, ɓoye ɗanta za ta yi. Dubi gefe."

Na ji haushi, amma na gwada. Wallahi sai ga shi, ɗan mitsitsi, yana ƙyalli a wutsiyar idona!

Na juya na ce, "Hajara, fito ki gani." Sai da maganar ta fita na tuna wata biyar ke nan da binne matata.

Cikin duhu na ɗiga shi. Ban san ko ya zauna daidai ba, kuma ba wanda zan nuna wa.