Jininka a Gonar Kakana

Hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon da ya sauka a busasshiyar zuciyata,

Yaya hannun? Ƙanwarka ta ce ɗinkin ya kama, amma ka ƙi abinci, ka kuma ƙi ɗaga wayata. Wayyo masoyina! Ni na matsa maka ka zo taron zumuncinmu a gona, don dangi su ga wanda na zaɓa.

Ka tuna safiyar? Ka tuɓe takalmi ka shiga cikin masu karyar masara, Goggo tana tsokanarka wai hannun tela bai san ƙaiƙayi ba. Ka waiwayo ka yi mini murmushin nan mai kama da hudowar rana bayan hadari. Wa ya san abin da ke tafe?

Ana cikin cin abinci a gindin mangwaro Baffa ya tayar da zancen raba gonar. Murya ta hau murya, aka kifar da kwanuka, yara suka watse da kuka. Sai ga ɗan Baffa ya zaro lauje daga jikin rumbu, idanunsa jajir, ya yi kan mahaifina, tsohon da ko gudu ba ya iyawa. Mazan gidanmu duk suka ƙame kamar kututture. Kai, baƙo, kai ka tare laujen da hannunka. Har yau ina jin ƙarar ƙarfen a kan ƙashinka! Jini ya yi tsartuwa a kan tarin masara, na ɗaure maka da mayafina ya jiƙe sharkaf, kai kuwa kana ce mini in kau da kai.

Yanzu dangi na cewa a rufa asiri, abin na gida ne. Kai kuma ka aiko wai ka janye daga neman aurena, kada ka zama sanadin rabuwar zumunci. Ka janye? Wane zumunci, wanda ya ɗaga lauje a kan tsoho? Wallahi zuciyata tafasa take yi. In na rufe ido sai in gan ni ina cinna wa rumbunsu wuta, ina kallon ta tana lashe komai. Allah ya kama hannuna. Ofishin 'yan sanda na je na faɗi abin da idona ya gani, Baba ya biyo ni yana ɗingishi ya shaida. Goggo ta daina amsa gaisuwata. Na ji, na ɗauka.

Likita ya ce wataƙila yatsun ba za su sake riƙe almakashi ba. To sai me? Ka zauna gefena ka koya mini, ni in taka keken.

Gobe muna tafe ni da Baba. In ka rufe ƙofa, a bakinta za mu zauna, ka san kuma ƙafar tsohon ba ta jure zaman ƙasa.

Taka ce ni, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni ƙasa.