Ƙwayar da Nake Ƙullewa a Bakin Zane

Bolori, Maiduguri.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Inna, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya ƙalau, ke da Baba da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki lafiya, ya yaye miki ciwon gwiwar nan, ya bar mana ke. Ni ce Jannat. Ba hannuna ba ne, kin san ni da biro. Maƙwabciyata Munira ce take rubutawa ina faɗa mata ƙasa-ƙasa, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara min magana. Yaya Sa'id, na san kai za ka karanta mata, don Allah kar ka tsallake komai ko ka ga kamar shirme ne.

Za ki ce me ya hana ni kira a waya. Wallahi Inna ina so, sau nawa ina ɗauka ina ajiyewa. Surukata Ya Kaltum tun da ta zo daga Limanti yi min wankan jego ba ta koma ba, ɗakinta da nawa bango ɗaya ne, ko tari na yi tana ji. Kuma muryata ta canja, ta yi kauri kamar ta mai tsohuwar mura, in kika ji ta hankalinki ba zai kwanta ba. Maigidan yana lafiya, yana kan hanya kullum da motarsa, Damaturu, Potiskum, sai ya yi kwanaki bai kwana a gida ba. Jikarki kuma ta fara koyon zama, a jingina ta da filo ta yi ta kifewa tana dariya. Goshinki ne sak, kowa ya gani sai ya faɗa.

To Inna, maganar ita ce ba ni da lafiya, kuma tun bayan suna da kika koma Kano abin yake bina a hankali. Da farko kowa cewa yake gajiyar jego ce. Barci, barci, ko na tashi kamar ban kwanta ba. Kin san zafin garin nan, mutane suna neman gindin darbejiya suna fifita, ni ina cikin ɗaki da bargo ina rawar sanyi. Fuskata ta kumbura, ba na cin kirki amma zobena ya ƙi fita. Gashin nan da kike zama ki yi min shuku da shi, in na sa mataji sai ya biyo shi, mai kitso ma cewa ta yi ba abin da za ta kama a gaba. Fatata ta bushe kamar ban taɓa shafa mai ba. Ga mantuwa. Sai in shiga kicin in tsaya, ban san me na zo ɗauka ba. Nono kuma ya ja baya, yarinya ta ja ta ja ta saki tana kuka.

Munira ce ta matsa aka kai ni asibiti, aka ɗebi jini. Likitar mace ce, ta taɓa wuyana ta ce akwai wani abu a maƙogwaro, wai tayirod, shi ne wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Nawa ya yi sanyi, ba ya aiki yadda ya kamata, shi ya sa jikina duk ya mutu. Ta ce yana samun mata bayan haihuwa, ba sammu ba ne, ba iska ba ce. Ta ba ni wata ƙwaya 'yar mitsitsiya, ta ce kullum da asuba, da ruwa zalla, kafin komai ya shiga cikina, sai an jima sosai in karya. Ta ce ba za ta cutar da yarinya ba, in ci gaba da ba ta nono.

Da muka dawo na faɗa wa Ya Kaltum. Ta riƙe baki ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin mai shayarwa ta sha magani ciki ba komai ba, so ake a tsinka min hanji. Ta karɓi maganin ta sa a jakarta, don ta ga ina mantuwa. Kullum da safe sai ta dama kunun kanwa da kanta, mai zafi, wai shi zai kawo nono, ta haɗa min da maganin ƙarin jini, ta sa min ƙwayar a tafi, ta tsaya a kaina sai na shanye. Inna, kar ki ga laifinta. Matar nan ita take wanke min zannuwa, ita take goyon yarinya in na kasa. Da tsufanta take hura wuta saboda ni. Ta yaya zan ɗaga ido in ce mata ba haka ba? Ke kika koya min ba a yi.

Na koma asibiti, jini bai gyaru ba, aka ƙara min ƙarfin maganin. Na sake komawa, aka sake ƙarawa. Wannan karon sai likitar ta ajiye biro ta ce in faɗa mata yadda safiyata take tun daga buɗe ido. Da na kai kan kunu da maganin jini sai ta dafe kai. Ta ce su ne suke tare ƙwayar a ciki, ba ta shiga jiki sosai. Ta ce ba za ta sake ƙarawa ba, ta ma ɗan rage, don in na fara sha daidai ƙarfin zai iya yi min yawa. In na ji ƙirjina yana bugawa, ko hannu yana rawa, ko gumi ya dame ni, in dawo da wuri. Maganin jini kuma sai da yamma. Ta ce in dawo bayan wata ɗaya da rabi a sake duba jini, kuma in zo da surukar tawa ta yi mata bayani. Na ce to. Har yau ban iya faɗa wa Ya Kaltum ba. Na faɗa wa maigidan, ya sosa ƙeya ya ce in yi haƙuri, tsohuwa ce, zai san yadda zai ɓullo mata. Washegari ya tafi lodi.

Ga abin da nake yi yanzu, Allah ya yafe min. In ta sa min ƙwayar a hannu sai in kai baki kamar na haɗiye, in kurɓi kunu, ƙwayar tana tsakanin yatsuna. In ta juya in ƙulle ta a bakin zanena. Gobe da asuba kafin ta idar da lazimi in kwance in sha da ruwa. Ta yau ita ce ta gobe, kin gane. Na ɗan fara jin dama, sanyin ya ragu. Amma kan nan nawa ba abin yarda ba ne. Shekaranjiya na kwance zane na ga ƙwaya biyu, ban san yaushe na tsallake ba. Wata rana kuma na jiƙa zanen a bokiti da ita a ciki. Ba zan iya ci gaba a haka ba.

Abin da ya sa na ce a rubuto miki yau shi ne wannan. Ranar Juma'a ina ba yarinya nono a kan tabarma, barci ya sace ni a zaune, ta zame daga cinyata. Ba ta ji ciwo ba, wallahi ba ta ji ba, kuka kawai ta yi. Ya Kaltum ta ɗauke ta, ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Da yamma ta ce min kafin azumi za ta koma Limanti, kuma za ta tafi da yarinyar, a sa ta a madarar gwangwani, ni in huta in warke. Ta ce ai magani an sha an sha bai yi ba. Na sunkuyar da kai na ce to, Ya.

Inna ki zo. Na san hanya da nisa, na san gwiwarki, amma ki zo ko kwana kaɗan ne. Ke babba ce kamarta, in kika ce a je a ji bakin likita tare, za ta bi ki. In zuwan ba zai yiwu ba ki kira ta, ki gaishe ta sosai, ki yi mata godiya tukuna, don ta cancanta, sannan ki kawo maganar kamar daga gare ki ta fito. Kar ki ce na rubuto. Ni dai ina so in ji hannunki a wuyana, ki ce min ba komai Jannatu, ko da akwai komai.

Ki gaishe min da Baba, ki ce ya sa ni a addu'a. Ki gaida Yaya Sa'id da matarsa Anti Lauratu, da Mikail, da Gwaggo ta Fagge. Munira ma tana gaishe ki.

Saura magana ɗaya. Na san 'yar fari ce, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban manya, in kaka ta ce za ta ɗauka sai a ce to. Na kiyaye duk wannan, ban taɓa ba ki kunya ba. Munira ta tsaya da rubutu tana kallona, na ce mata ta sa. Muhsinat. Inna, ina son Muhsinat, ba na so a tafi min da ita.

Wassalam,
'Yarki mai kewarki,
Jannat.