Murjanin da Yaya Ta Goge

Yaya Natsuho,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ni lafiya lau nake a kamfanin kifin nan na Norway. Sanyi ya tsattsaga min yatsu, amma kar Mama ta ji.

Na ga hoton da kika turo, har da rubutu: "Sharar ƙarshen shekara ta iso tankin kifinka na gilashi, dubi yadda murjanin ciki ya yi fari tas."

Yaya, kwana tara kacal murjanin nan, mai tsiro a ƙarƙashin teku, ya yi a tankin kafin na taso. Me na ce miki? Ki rage hasken fitila, kar ki sa hannu. Launin ƙasa-ƙasan da kika ɗauka datti ne, kika dirje da buroshin haƙori, naman jikinsa ne. Abu ne mai rai, ba kofin shayi ba. Kullum na tashi aiki, hotonsa nake kallo in ji sanyi a raina.

Akwai ƙarami ɗaya a bayan dutse, inda hannunki bai kai ba. Ki bar min shi da dattinsa.

Sabuwar shekara ta zo muku da alheri. Farin nan kuwa, ki daina nuna wa maƙwabta. Ƙashi ne.

Ƙaninki,
Fumihiro