Tumatirin Bakin Taga

Agege, Legas.

Zuwa ga ƙanwata Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah Ya sa haka, amin. Mu ma nan sai godiya. Gwiwar ce dai har yanzu ta hana ni komawa mayankar Oko-Oba, saukowa daga benen nan ma sai ranar Juma'a. Ɗanki Kamal da asuba yake fita aiki, in ya dawo kuma gajiya ba ta barinsa hira. Tun rasuwar mai ɗakina Muhsina ɗakin nan ya yi mini girma, alhali tabarma biyu ma da ƙyar yake ci.

Na san za ki yi dariya in kin ji yayanki ya zama manomi, ke da kike cewa hannuna wuƙa kaɗai ya sani. Nassirou, wani mutumin Maraɗi mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, shi ya kawo mini irin wani gajeren tumatir da tsayinsa ba ya wuce gwiwa. Na huda gindin bokitan fenti, na cika su da ƙasa da takin shanu, na jera a bakin taga. Da fari na yi musu ban ruwa irin namu na Kura, sai ruwa ya kwanta nake bari, wasu suka ruɓe. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Waɗanda suka tsira sun yi fure, amma sai furen ya bushe ya zube, ba ɗa ko ɗaya. Nassirou ya tambaya ko ina buɗe taga, na ce sauro da hayaƙin janareta ba sa bari. Ya ce a gona iska da ƙudan zuma ke kaɗa fure har ya kama, a ɗaki kuwa sai mutum ya girgiza shi da hannunsa. Yanzu kullum da hantsi ina binsu ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa, har gaishe su nake yi. Kewa ta dame ni, Turai, ba zan ɓoye miki ba.

To, sun yi 'ya'ya, sun fara ja. Kin tuna Baba ba ya taɓa cin farkon amfanin gonarsa sai ƙanwarsa Goggo ta zo ta yi miya da shi. Ni ma ban tsinki ko ɗaya ba. Kamal ya ce, "Baba, ruɓewa fa za su yi." Na ce masa ƙanwata tana da rai.

Ki gaida maigidan naki Malam Ɗan'azumi, ki roƙar mini shi ya bar ki ki zo. Ki gaida Umaima da Jabiru da duk mutanen gida. Ke 'yar Kura ce, kin fi ni sanin kwanakin da nunannen tumatir ke iya jira.

Ni ne yayanki,
Isiyaku