Kun Raba Mini Tagwaye Don Ku Gwada Koyar da Rubutu

Zuwa ga Shugaban tawagar masu binciken koyar da rubutu a makarantun firamare, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka.

Ranka ya daɗe, sunana Lawali. Mutumin Tasawa ne ni, amma Akokan ta zama gida. Na yi aiki a ramin ma'adinai har aka rufe shi, yanzu walda nake yi a bakin tasha. Na rubuto a fili ne saboda na bi ta hannun daraktan lakwal ɗinmu, wato makarantar yaranmu, na je ofishin sufeto a Arlit, kowa ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, masu ita suna Yamai. To ga ta nan, kuma a kan 'ya'yana tagwaye ce, Hassana da Usaina.

Na farko. Shekarar da suka shiga aji uku mutanenka suka zo lakwal ɗinsu da farar mota. Aka raba ajin biyu, muka zaci saboda yawan yara ne. Hassana ta faɗa wurin Madam Fatimata, Usaina wurin Mushe Idi. Ban damu ba, don malaman nan duka mutanen kirki ne. Ba wanda ya kira mu iyaye ya ce za a koyar da azuzuwan nan biyu daban da gangan, a ga wanne zai fi. Da za a yi wa akuyata allurar gwaji, ai sai an tambaye ni.

Na biyu. A gida muka fara ganin abin. An kai Madam Fatimata horo Agadas, ta dawo da littattafan labarai, kowane yaro da kaye nasa, wato littafin rubutu. A ajinta yaro yakan fara rubuta abin da ke ransa da Hausa ko Tamajaq, harshen Abzinawa, a karanta, a gyara, sannan a koma Faransanci. Kafin damina Hassana ta zama ba ta ganin takarda ta ƙyale. Ta rubuta labarin ranar da injin waldata ya kama wuta, har da yadda na fito da gudu ba takalmi, ta karanta wa maƙwabta suka yi ta dariya. Ita kuwa Usaina, abin da aka san shi tun zamaninmu: Mushe ya rubuta a allo, su kwafa, ya yi shifta, su rubuta. Hannunta ya fi na 'yar'uwarta kyau nesa ba kusa ba. Amma ka ce mata ta rubuta abin da ta ci da safe, sai ta riƙe biro tana kallonka, tana jiran ka faɗa mata.

Yaran nan tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, tare suka yi rarrafe. Sai ga shi Usaina ta daina bin 'yar'uwarta zuwa lakwal, takan bari ta yi nisa sannan ta fito. Wata rana uwarsu ta tarar da ita ta yayyaga littafin labarin Hassana ta cusa a murhu. Da aka tsare ta, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ai ni daƙiƙiya ce, Inna, kowa ya sani." Yarinyar da ba ta kai shekara goma ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na je wurin Mushe Idi da niyyar faɗa, na zaci lalaci ne. Mutumin nan ya ja ni inuwa ya ce, "Malam Lawali, wallahi ina ganin abin da ake yi a ajin can, ina so. An hana ni ne. An ce in na ari littafi ko na kwaikwayi Madam, binciken zai gurɓace." A bakinsa na fara jin cewa ƙuri'a aka jefa aka raba yaran, kuma ajinsa shi ne wanda aka bari yadda yake don a riƙa auna ɗayan da shi.

Bai ƙare nan ba. Da wani matashi cikin tawagarka ya gano akwai tagwaye a azuzuwan biyu, har shagona ya zo, fuskarsa cike da murna. Ya ce wannan dama ce da ba kasafai ake samu ba: gida ɗaya, abinci ɗaya, iyaye ɗaya, hanyar koyarwa kawai ta bambanta. Sannan ya roƙe ni, cikin ladabi ƙwarai, kada in bari Hassana ta riƙa nuna wa Usaina littattafanta har a gama binciken. Ranka ya daɗe, ƙarfe mai zafi ne a hannuna lokacin, sai da na ajiye shi kafin in ba shi amsa. Ban zarge shi ba sosai, yaro ne, abin da aka koya masa ya faɗa. Amma wane irin ilmi ne wannan da zai sa a shiga gidan mutum a ce ya hana 'yarsa ta taimaki 'yar'uwarta?

Na huɗu. Bayan shekara biyu kuka yi wa yaran jarrabawa, kuka ɗauki hotuna, kuka kwashe littattafan nan cikin kwali wai kayan aikin bincike ne, kuka tafi. Aka yi wa Madam Fatimata canjin wurin aiki. Aka haɗe azuzuwan, aka koma kwafa daga allo. Yanzu Hassana, wadda kuka koya wa ta faɗi abin da ke ranta, ta sha bulala saboda ta rubuta Hausa a cikin kaye. Sabon malamin ba shi da laifi, ba wanda ya gaya masa komai. Ashe dai duka biyun na yi asara: ɗaya an hana ta, ɗaya an ɗanɗana mata an ƙwace.

Darakta ya ce ya ji an yi taro a Yamai, an kwatanta yaranmu da na wasu garuruwa har da na wasu ƙasashe, an kuma tabbatar sabuwar hanyar ta fi. Madalla. Uwar tagwaye, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta san haka tun watannin farko. Mu da aka yi gwajin a kan 'ya'yanmu, ko takarda ɗaya ba mu gani ba.

Kada a ɗauka ina ƙin bincike. Na yarda ba a sanin hanyar da ta fi sai an gwada, kuma na ga amfanin taku da idona. Abin da na ƙi shi ne a gwada, a gani, a naɗe tabarma. Garin nan mun saba da baƙi masu zuwa su auna abu su tafi. Ban zaci har kan yara abin zai kai ba.

Halin da ake ciki yanzu: bana ne za su yi jarrabawar shiga kwaleji. Usaina ta fara cewa a bar ta ta riƙa taya uwarta sayar da ƙosai. Na ƙi. Kullum bayan la'asar nakan zaunar da su a bayan shago, Hassana ta yi mata yadda Madam take yi. Wani lokaci a yi aiki, wani lokaci a tashi da faɗa. Makon jiya Usaina ta rubuta layi kaɗan a kan kakarta da ke Tasawa, ba wanda ya faɗa mata ko kalma. Ta ba ni na karanta, sannan ta ce kada in nuna wa kowa. Aikin da tawaga guda ta ƙi yi, yarinya ce ke yin sa a kan buhun siminti.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe. A maido da littattafan nan lakwal ɗin da aka kwashe su, ba su da amfani a cikin kwali. A ba Mushe Idi da sauran malamai horon da aka hana su, tun kafin jarrabawa ta ƙarato, don ba Usaina kaɗai ce ta zauna a ajin nan ba, akwai 'ya'yan direbobi da na masu lambu da iyayensu ba su da tagwayen da za su nuna musu bambanci. A aiko mana da sakamakon da Hausa da Tamajaq, a karanta a taron iyaye. Duk inda za ku sake irin wannan aiki, ku fara da tambayar iyaye, ku kuma yi alkawarin abin da za ku yi wa ajin da kuka bari a baya.

Roƙona na ƙarshe ba ya bukatar kuɗi. A turo mutum ɗaya daga cikinku, ko matashin nan ne, ya tsaya gaban yaran ajin Mushe Idi ya faɗa musu gaskiyar yadda aka yi. Na gaya wa Usaina ba kanta ne ke da matsala ba, uwarta ta gaya mata, Mushe ya gaya mata. Ta ce muna lallashinta ne. Wataƙila in ta ji daga bakin masu farar mota za ta yarda.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya shirya maka zuriya, ya sa ilmin da kuka tara ya amfani waɗanda aka tara shi a kansu.

Wassalam.

Lawali mai walda,
mahaifin Hassana da Usaina,
Akokan.