Ni Na Kashe Su da Ruwa, Zaituna

Shekara biyu da wata bakwai ke nan rabona da gida, ya Zaituna, hasken idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randa a bakin mai azumi!

Saƙonki ya iso ta wayar ƙanena: in damina ta sauka ban dawo ba, za ki tattara ki koma gidanku. Sau nawa na saurare shi? Wallahi ban ga laifinki ba. Wata shida na ce miki a tashar Auyo, kina miƙo min ƙullin daddawa da yaji, idonki ya cika kamar gulbi a Agusta, kika ƙi bari ya zuba don kada ki karya min gwiwa. Ina wata shidan? Injin kamfanin roba na Sharada, nan Kano, ya haɗiye shi, ya bar ni da tari da ƙara a kunne. Ba zan ce masu kamfanin sun cuce ni ba, abin da suka ce za su biya suna biya. Sai dai ba ya kai mutum gida.

Bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Bara kukun manajanmu ya miƙo min ɓarin wani ɗan itace da suke kira diragon: bayansa ja kamar lallenki ranar aurenmu, cikinsa fari da ɗigon iri baƙi ƙanana kamar riɗi. Ya ce guda ɗaya a kantunan Nassarawa ya fi abin da nake samu a yini. Na tsince irin, na wanke a tsumma, na shanya, na shuka a gwangwanayen madara bayan ɗakin da nake haya a Zawaciki. Na ce wannan ne zai mai da ni kusa da ke, in daina shaƙar hayaƙi.

Suka tsiro, Zaituna! 'Yan kunnuwa bibbiyu, sannan ƙaya mai laushi kamar gashin jariri. Ni kuwa ɗan fadama, me na sani in ba renon tumatir ba? Ruwa da safe kafin in fita, ruwa da yamma in na dawo. Suka fara ruɓewa daga gindi, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara! Sai da Malam Haruna, mai kula da furannin wani gida a Bompai, ya leƙo ya kama baki. Ya ce abin nan halin ƙerana gare shi, yashi yake so da ruwa kaɗan, ni nake kashe su da hannuna. Ya ƙara da abin da ya fi min ciwo: wanda aka shuka daga iri sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya yi 'ya'ya.

Shekara biyar! Da wane baki zan roƙe ki shekara biyar? Ba zan roƙa ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ranar Juma'a zan ba Mubarak direba waɗanda suka rage a kwali. Ki karɓa, don Allah, don darajar iyayenki. Ki dasa su jikin katangar gabas, ki kafa musu sanda, kada ki ba su ruwa sai ƙasar ta bushe. Hannunki ya fi nawa sanin gwargwado. In suna tsakar gidanmu me zai riƙe ni a Kano? Ƙarshen watan gobe zan ajiye aikin, ko da jakata ba komai. Amma in kin tafi, wa zan tarar? Katanga da ƙaya?

Kada ki tafi, farin watana, iskar damina a ƙirjin da ya gaji. Ban kalli wata mace ba, ba kuma zan kalla ba har ranar da za a rufa min ƙasa.

Mijinki,
Ɗalhatu

Iri sittin da huɗu na shuka. Arba'in suka tsiro. Bakwai na ceto, ɗaya a ciki ya fara rawaya, amma shi ma zan sa shi a kwalin.