Bindigar da Kawu Bai Kwance Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ina sanar da ke gida lafiya, jikokinki sun yi wayo. Wata magana ce ta sha mini kai, na duba gabas da yamma ban ga wanda zan faɗa wa ba sai ke, domin a kan ƙanenki ne, Kawu maƙeri.

Kin san dokar gidanmu, ke ma kika kafa ta. Duk ƙarfen da ya shigo gida sabo, sai an kai wa Kawu ya kwance shi, ya leƙa cikinsa, ya shafa masa mai, ya tofa bisimilla, kana a yi aiki da shi. Keken Baba haka aka yi masa. Keken ɗinkinki ma sai da ya kwana a maƙera, aka dawo da shi da ragowar noti a leda, kika yi ta dariya kina cewa, "Ku bar shi, hannunai na da albarka, ko ya ɓata ya gyara."

To bara, tsuntsayen kirinjijiya suka addabe mu a fadamar Gummi. Shinkafa na fara nuna suke sauka, yara su yi ta kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe, a banza. Na je Sakkwato na sayo bindigar iska, irin wadda ake karya ta a tsakiya a sa mata ɗan harsashi. Ba albarushi, ba hayaƙi. Wallahi Inna, da kin gan ta da kin ce ta yi kyau.

Na biya ke nan zan fita, mai shago ya tsare ni da zancen ƙarin garanti. Wai in ƙara kuɗi, kusan na ɗan akuya, duk abin da ya same ta cikin shekara su za su gyara kyauta. Na ce to in ba ta lalace ba fa? Ya ce sai in gode Allah. Na ce kuɗina fa? Ya yi dariya. Har yau ban gane ba, ciniki na yi ko sadaka. Daga baya na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce abin ya yi kama da caca, ɗaya ya ce jinga ce kawai kamar ta mai noma. Na fita daga wurinsu da kai ya fi na shiga nauyi.

Amma a ranar, a shagon, na biya. Tsoro ne ya sa ni, don na ga cikinta ba irin na bindigar toka da Kawu ya saba ƙerawa ba ne. Sai da mai shago ya karɓi kuɗin sannan ya ɗauko jan fenti ya ɗiga a kan kowane noti. Ya ce ranar da wani hannu ya taɓa fentin nan in ba nasu ba, magana ta mutu. Ni kuwa, don wauta, ko kaɗan Kawu bai faɗo mini a rai ba.

Washegari da hantsi sai ga shi da kansa, sukundireba a aljihun gaba, yana murmushi. Labari ya kai masa. Na miƙa masa bindigar, ya juya ta, ya shafa, ya ciro sukundireba. Inna, bakina ne ya riga hankalina. Na ce masa masu shago sun hana. Ya mayar da sukundireba aljihu a hankali, ya ce, "To, Allah shi sa albarka." Ko furar da aka dama masa bai sha ba.

Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yana amsawa lafiya lau, har ya tambayi yara, amma ya daina tsokanata da sunan da kike kirana.

Ana tsakiyar tsaron shinkafa bindiga ta saki. Ka harba, harsashi ya faɗi gabanka kamar an tofa shi. Na lissafa hanyar Sakkwato da jiran da zan yi, na ga kafin ta dawo tsuntsaye sun gama girbi a madadina. Na ce a raina garanti ya ci kansa, na saɓa ta sai maƙera. Gaskiya har daɗi na ji, na ɗauka dama ce ta zo in wanke laifina. Na durƙusa na ajiye ta gabansa, na ce ya kankare fentin ya gyara. Ko hannu bai kai ba. Ya ce, "Kai ma masu ita, ɗana. Wanga ba aikina ba na."

Na kai ta Sakkwato. Sun gyara, ba su karɓi ko kwabo ba, wata roba ce ta cinye a ciki. Amma gefen gonar da ke bakin ruwa ya tafi. Kin ga ko nan ban san riba na ci ko faɗuwa ba.

Abin da ya ƙarasa rikita ni, matar Kawu ce ta ja ni zaure a ranar sunan jikarta. Ta ce in daina zargin kaina, Kawu ya daɗe ba ya ganin tsagar kan noti. Da yatsa yake laluba, kuma ya sa ta yi rantsuwa kada kowa ya ji. Ta ce ranar da ya zo gidana ma, gabansa na faɗuwa ya zo, al'ada ce ta fito da shi.

To Inna, wanne ne? Fushi ya hana shi taɓa ta, ko ido? Ke kika goya shi, ke kaɗai kike gane shirunsa. Ni in na tambaye shi na tona abin da ya rufe.

Ga shi shekara ta zagayo, mai shago ya aiko da direban motar kasuwa wai in zo in sabunta garantin. In ido ne, wannan fenti sutura ce gare shi, dole in yi ta biya duk shekara don ya samu abin fakewa, a ce masu shago ne suka hana shi. In kuwa fushi ne, duk ɗigon da aka ƙara na sake ce masa hannunsa bai isa ba. Kuɗin na aljihuna, mota gobe take tashi, kuma na kasa ɗaga ƙafa. Na yi kewarki, Inna, yau fiye da kullum.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki. Allah ya rufa wa Kawu asiri, ko da ni ne zan zauna cikin duhu.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Mamman